Dama da hagu a cikin ƙwayar magani

Duk wanda ya taɓa halartar rabon maganin tsargiya a makarantun ƙasar Matameye ya san yadda a ke yi. Yara su yi layi, mushe ya tsai da kowa jikin sandar awo, tsawon yaro shi zai nuna yawan ƙwayoyin da za a ba shi. Ƙwayar fara ce, doguwa, mai ɗauke da magani miligaram 600, sunanta prazikantel. Manyan yara kan runtse ido su haɗiye da ruwa. Ƙanana kuwa sai an yi da gaske, domin ban da girma ƙwayar tana da ɗaci kamar maɗaci. In aka farfasa ta don ta wuce maƙogwaro ɗacin sai ya ƙaru, wani yaron ma ya amayar. Ƙannensu da ba su isa shiga makaranta ba, masu bin uwayensu wanki a bakin tabki da ƙorama, an daɗe ba a sa su cikin lissafi ba, alhali su ma suna fitsarin jini.

Nijar ta kafa shirin yaƙi da wannan ciwo a ƙasa baki ɗaya cikin shekarar 2004, kuma maganin yana aiki, ba mai musun haka. Amma akwai wani abu game da ƙwayar nan wanda ba kowa ya sani ba, har cikin ma'aikatan da ke raba ta. Rabin maganin da ke cikinta ne ke kashe tsutsar tsargiya. Ɗaya rabin ɗan rakiya ne, bai taɓuka wani abin kirki, kuma mafi yawan ɗacin daga gare shi ya ke. In ka kai rabi biyun nan wurin masanin sinadarai ya ƙidaya abin da aka gina su da shi, zai ce maka daidai su ke: kowanne karbon 19, idrojen 24, azot 2, oksijen 2, kuma ɗaurinsu iri ɗaya. Nauyinsu ɗaya, launinsu ɗaya, a zafi ɗaya su ke narkewa. To, ina bambancin? Bambancinsu irin na hannun dama ne da hannun hagu.

Sai mu ɗan yi shimfiɗa saboda masu karatunmu da ba su zauna ajin shimi ba, watau ilmin sinadarai. Kowane abu da ke duniya, ruwa ne ko iska, gero ne ko ƙarfe, an gina shi da waɗansu ƴan mitsi-mitsin tubala da a ke kira atom. Ƙanƙantarsu ta wuce misali: in aka jera miliyan goma kafaɗa da kafaɗa, tsawonsu bai wuce milimeta ɗaya ko biyu ba. Atom ba su cika zama su kaɗai ba, sukan kama juna su yi ƙulli, ƙullin nan shi ne molekil. Molekil ɗin ruwa atom 3 ne, oksijen ɗaya da idrojen biyu. Na sukarin rake 45 ne. Na prazikantel 47.

Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya riga ya san rabin darasin. Ɗauki haruffa huɗu, r, a, k, e. In ka jera su haka ka sami rake, in ka sauya jerin ka sami kare. Kayan ginin ɗaya ne, amma ba wanda zai ɗaure rake ya yi masa gadin gida. Haka molekil su ke: a kan sami biyu masu atom iri ɗaya, adadi ɗaya, amma jerin ɗaurinsu dabam. Waɗannan su a ke kira izomer. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne irin abin da ke ba sabon ɗalibi wahala a makon farko, watau b da d. Sanda ɗaya ce da ciki ɗaya, a manne wuri ɗaya, sai dai wannan cikinsa na duban dama, wancan na duban hagu. Amma ka rikita su, ka ga yadda dawa za ta koma bawa. Molekil ɗin da ɗaurinsu ɗaya ne, tsayuwarsu ce kawai ta bambanta, su ne stereo-izomer, su ne kuma maganarmu ta yau.

Misalin b da d yana da iyaka. In aka yanke harafin b daga kwali aka kifa shi, sai ya zama d. Hannu ba haka ya ke ba, domin yana da tafi yana da baya. Kai hannun damanka gaban madubi, abin da za ka gani ciki hannun hagu ne. Amma juya shi yadda ka ga dama, kifa shi, miƙe shi, ba zai taɓa zama hannun hagu ba. Haka takalmi. Haka kuma igiya: wadda aka tuƙa ta dama, ko ka juya kanta ya koma gindi, tuƙar dama ce har ta tsinke.

Daga tsamiya zuwa gangar inabi

Farkon wanda ya ga alamar wannan abu wani Bafaranshe ne, Jean-Baptiste Biot, a 1815. Haske yana tafiya ne kamar igiyar da a ke kaɗawa, yana karkaɗa ta kowace fuska. Akwai wani irin dutse mai kama da gilashi da ke tace shi, ya bar mai kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce, kamar yadda igiyar da aka zura tsakanin karan darni biyu ba ta iya kaɗawa sai sama da ƙasa. Biot ya lura cewa in tataccen hasken nan ya ratsa waɗansu ruwaye da aka samo daga itatuwa, fuskar kaɗawarsa takan karkace, wani ruwan ya juya ta dama, wani hagu. Na'urar da ke auna wannan karkata sunanta polarimeta, kuma har yau da ita masana'antun sukari ke sanin yawan sukarin da ke cikin ruwan rake. A ma'aunin da masana suka yarda da shi, sukarin raken da a ke nomawa a garaken Matameye, kamar na kowace ƙasa, yana juya haske dama da digiri 66 da rabi.

Masu yin alewa suna taɓa wannan ilmi kullum ba tare da sun yi masa suna ba. Ruwan tsamiya ko lemun tsami da su ke zubawa cikin sukarin da ke tafasa yana raba molekil ɗinsa gida biyu, gulukos mai juya haske dama, da furuktos mai juya shi hagu da ƙarfi ƙwarai. In rabuwar ta kammala, ruwan da ke juyawa dama sai ya koma hagu da wajen digiri 20. Wannan rabuwa ce ke sa alewa ta yi danƙo ta ja, ba ta koma garin sukari ba.

Ita kanta tsamiyar tana da hannu a tarihin nan. Abin da ke ba ta tsami wani asid ne mai suna tartarik, wanda ya kan kai kashi 8 zuwa 18 cikin 100 na namanta. Turawa ba daga tsamiya suka san shi ba, daga wani daskararren abu ne da ke kwantawa cikin gangunan giyar inabi. Na inabi da na tsamiya ɗaya ne, dama su ke juya haske. Amma wata masana'anta a garin Thann, gabashin Faransa, ta taɓa fitar da wani asid wanda kome nasa daidai ya ke da wancan, sai dai shi bai juya haske ko kaɗan. Manyan masana suka yi shekaru suna kai da komowa, ba wanda ya gano dalili.

A 1848 wani saurayi mai shekara 25, wanda bai daɗe da gama babbar makarantar horon malamai ta birnin Paris ba, ya ɗauki wannan aiki. Shi ne Louis Pasteur, wanda daga baya duniya ta san shi saboda allurar haukan kare. Ya mai da asid ɗin gishiri, ya narka shi, ya bar ruwan ya ƙafe a hankali har ƙwayoyin gishirin suka fito da kusurwoyinsu. Da ya duba su da gilashin ƙara girma sai ya ga kowace ƙwaya tana da wata ƴar fuska a gefe, amma ba duka gefe ɗaya ba: waɗansu tasu tana dama, waɗansu hagu. Ya sa hantsaki ya zauna yana tsintarsu ɗai-ɗai, kamar mai tsintar tsakuwa cikin shinkafa, har ya yi tsibi biyu. Ya narka kowane tsibi dabam ya auna. Na farko ya juya haske dama, kamar na inabi. Na biyu ya juya shi hagu, da digiri daidai da na farkon. Ashe asid ɗin Thann gauraye ne, rabi da rabi, wannan na ja wancan na ja, shi ya sa haske ya tsaya cik.

Biot a lokacin yana da shekara 74, bai kuwa yarda da labarin baki ba. Ya kira saurayin ya sake aikin a gabansa, da kayan da shi tsohon ya tanada da kansa, sa'an nan ya amince. Akwai kuma sa'a cikin al'amarin. Gishirin nan bai rabuwa gida biyu sai in zafin ɗaki bai kai wajen digiri 27 ba. In ya wuce haka, na dama da na hagu sukan haɗu cikin ƙwaya ɗaya. Da a Matameye Pasteur ya yi aikinsa cikin bazara, da bai ga kome ba.

Pasteur ya gane cewa hannun da ya gani a jikin gishiri daga molekil ɗin kansu ya fito, amma bai iya faɗin yadda su ke tsaye ba. Sai a 1874 waɗansu samari biyu, kowa a garinsu, suka kawo amsa ɗaya: Jacobus van 't Hoff na ƙasar Holan mai shekara 22, da Joseph Le Bel na Faransa mai 27. Suka ce atom ɗin karbon yana da hannuwa huɗu, kuma ba a shimfiɗe su ke kamar zane a kan allo ba, kowanne yana nuna kusurwarsa.

Wanda ke son ganin abin da idonsa, ya shiga madafi. Ga duwatsun murhu uku a ƙasa, ga tukunya a sama, ga wuta a tsakiya. Wutar ita ce karbon, duwatsu uku da tukunya su ne abubuwa huɗu da ya ke riƙe da su. Yanzu a ce dutse ɗaya fari ne, ɗaya baƙi, ɗaya ja. Tsaya bisa kan tukunya ka bi su yadda hannun agogo ke tafiya: fari, baƙi, ja. A maƙwabta kuwa an jera nasu fari, ja, baƙi. Kewaya murhun maƙwabta ta inda ka so, ba za ka taɓa ganin ya yi daidai da naku ba, sai dai in an ɗaga duwatsu biyu an musanya. Amma ka sa madubi gaban naku, nasu za ka gani. Da duwatsu biyu launinsu ɗaya ne, da wannan bambanci ya ɓace. Ke nan duk inda karbon ya riƙe abubuwa huɗu mabambanta, molekil ɗin yana da ɗan tagwaye.

Wani babban malamin Jamus, Hermann Kolbe, ya yi wa van 't Hoff ba'a a rubuce a 1877, har ya yi masa gorin cewa a makarantar likitocin dabbobi ya ke aiki. A 1901 ɗan makarantar dabbobin nan ne ya fara karɓar kyautar Nobel ta ilmin sinadarai, ko da ya ke saboda wani aikinsa ne dabam.

Prazikantel irin wannan karbon ɗaya ne gare shi, don haka kamanninsa biyu. Kowane ƙarin ɗaya yana ninka lissafin: biyu su ba da 4, uku su ba da 8, huɗu su ba da 16. Deltametirin, maganin ƙwari da a ke sa wa sange da yawa daga cikin waɗanda a ke rabawa kyauta, yana iya ɗaukar kamanni 8. Masanan Ingila da suka fito da shi a 1974 sun ware ɗaya tak, wanda ya fi sauran kisa nesa ba kusa ba, shi kaɗai a ke sayarwa.

Me ya sa jiki ke zaɓe?

Ma'aunin nauyi bai bambanta takalmin dama da na hagu, ƙafa ce ke bambantawa, domin ita ma tana da ɓangare. Jikin ɗan Adam haka ya ke. Namansa da jininsa an gina su da furotin, furotin kuma an gina shi da ƙananan tubala iri 20. Daga cikinsu 19 suna da ƴan tagwaye, amma jiki ɓangare ɗaya kawai ya ke gini da shi. Haka jikin akuya, haka gero, haka tsutsar tsargiya. Saboda haka wuraren da magani ke kamawa a cikin jiki tamkar takalma su ke, kowanne da ƙafar da a ka ɗinka shi dominta. Na dama ya shiga ya zauna daram ya yi aiki. Na hagu ya kasa shiga, ko kuma ya tafi ya shiga wani takalmin da ba a aike shi ba.

Hanci ma shaida ne. Ƙamshin na'ana'a da a ke jefawa cikin shayi daga wani molekil ya ke mai suna karvon. Ɗan tagwayensa yana cikin wani iri da Turawa ke barbaɗa wa burodi, karvi, kuma ƙamshinsa dabam ne sarai. Pasteur kansa, wajen shekara goma bayan aikinsa na farko, ya ga cewa in fumfuna ta faɗa cikin gaurayen asid ɗin nan, na dama ta ke cinyewa ta bar na hagu.

Tukunyar masana'anta ita ba ta da ɓangare. In an haɗa sinadarai marasa hannu don a ƙera molekil mai hannu, rabi kan fito dama, rabi hagu, kamar yadda kuɗin ƙarfe da aka yi ta jefawa sama kan faɗi rabi kai rabi gindi. Raba su kuwa aiki ne mai wuya da tsada, tun da a zafi ɗaya su ke narkewa, a zafi ɗaya su ke tafasa. Don haka shekaru da yawa a ke sayar da magunguna a gauraye, ba mai tambaya.

Abin da ya tada duniya daga barci shi ne talidomid. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957 don sa barci, aka kuma riƙa ba mata masu ciki saboda laulayi. Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, an haifi jarirai fiye da 10.000 a ƙasashe dabam-dabam da gajerun hannuwa da ƙafafu, waɗansu babu su sam. Littattafan makaranta da yawa sukan ce ɗan tagwaye ɗaya ne mai laifin, da an ba da ɗayan kawai da an tsira. Wannan rabin gaskiya ce. Bincike na baya ya nuna cewa talidomid yana sauya hannu a cikin jini: ko ka ba da na dama zalla, cikin ƴan awoyi wani kashi ya koma na hagu. Amma masifar ta sa hukumomi sun tsananta bincike kan sabbin magunguna, kuma a 1992 hukumar magunguna ta Amurka ta ce duk mai kawo magani mai tagwaye sai ya binciki halin kowane ɗaya dabam. Masana kuma suka koyi dabarar ƙera ɓangare ɗaya tun daga tukunya. A kan haka aka ba mutum uku, William Knowles da Ryoji Noyori da Barry Sharpless, kyautar Nobel a 2001.

To, mu koma kan ƙwayarmu. Kamfanonin Jamus biyu, Merck da Bayer, su suka gano prazikantel a farkon shekarun 1970, kuma a gauraye ya shiga kasuwa. A 2009 waɗansu masu bincike a Jamus suka sa mutane suka ɗanɗana, aka tabbatar cewa ɗan rakiyar nan ya fi mai aikin ɗaci ƙwarai. A 2012 aka kafa wata gamayya ta kamfanoni da cibiyoyin bincike don a yi wa ƙananan yara nasu maganin, da ɓangare mai aiki kawai. Sakamakon shi ne arprazikantel: ƴar ƙaramar ƙwaya mai miligaram 150, wadda ke narkewa a baki ko cikin ɗan ruwa, domin yara daga wata 3 zuwa shekara 6. An yi gwajinsa na ƙarshe a Kodibuwar da Kenya. Hukumar magunguna ta Turai ta ba da ra'ayin amincewa a watan Disamba 2023, Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta sa shi cikin jerin waɗanda ta tantance a 2024, aka kuma fara ba yara a Yuganda a 2025. An ƙiyasta cewa yaran da ba su isa makaranta ba kuma ke bukatar magani sun kai miliyan 50, galibinsu a Afirka.

Mai lissafi zai ce, tun da an cire rabin banza, sai a rage yawan maganin da rabi. Jiki bai bi wannan lissafi ba. Tsohon maganin a kan ba da miligaram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum. Sabon kuwa, a gwajin da aka yi wa ƙananan yara, sai da aka kai 50 ga tsargiyar hanji, 60 ga ta mafitsara, wadda ita ce aka fi sani a jihar Damagaram. Wannan ya isa ya nuna wa iyaye cewa ba abin da za a auna da ka ba ne, ba kuma abin nema a tiren mai talla ba ne. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi likita. Tun 2022 OMS ta ba da shawarar cewa a garuruwan da ciwon ya yi yawa a riƙa ba da magani daga shekara 2 zuwa sama, ba ƴan makaranta kaɗai ba. Ya kamata masu tsara rabon, daga Yamai har gundumar Kance, su riƙa tuna ƴan goye a lissafinsu.

Wanda ya fahimci wannan zai fara karanta kwalin magani da sabon ido. Masana suna da hanyoyi biyu na raɗa wa tagwaye suna. Ta farko tana duban inda su ke juya haske: lebo ko levo hagu ke nan, deks dama. Ta biyu tana duban jerin duwatsun murhu, ta ce R ko S, daga kalmomin Latin masu nufin dama da hagu. Hanyoyin biyu ba lalle su dace ba. Shi kansa arprazikantel R ne a jeri, amma hagu ya ke juya haske. Levamizol da a ke ba tumaki da awaki don tsutsar ciki, da levofloksasin, da esomeprazol na gyambon ciki, duk farkon sunansu yana gaya maka cewa ɗan tagwaye ɗaya ne aka ware. Sai dai ba kowane lokaci warewar ke da amfani ba. Ibuprofen a gauraye a ke shansa, jiki da kansa ya ke mai da mafi yawan ɗan rakiyar ya koma mai aiki. Wani lokacin kuma kamfani kan ware ɓangare ɗaya ne daidai lokacin da haƙƙin mallakarsa kan tsohon maganin zai ƙare, ya sa sabon suna da sabon farashi. Jami'in da ke sayo wa gwamnati magani ya kamata ya tambayi abin da sabon ya ƙara wa mara lafiya kafin ya sa hannu.

Waɗanda ba tagwayen madubi ba

Akwai waɗansu stereo-izomer da ba hoton juna ba ne a madubi, sun yi daidai ta wani gefe sun saɓa ta wani. Su kam halayensu sun bambanta a fili, har ma'auni yana gani. Kinin na zazzaɓin cizon sauro da kinidin da a ke gyara bugun zuciya da shi haka su ke, daga ɓawon itace ɗaya a ke samunsu, atom ɗinsu daidai.

Misali mafi girma yana cikin kowane gida. Tsabar gero sitaci ce, karan gero selilos ne, dukansu kuwa sarƙoƙi ne na gulukos zalla. Bambancin yana wurin ƙulli: a sitaci hannun da ke kama na gaba yana duban ƙasa, a selilos yana duban sama. Miyau da hanjin mutum suna da abin kwance ƙullin farko, ba su da na biyu. Shi ya sa a shekarun fari, irin 1973 da 1984, mutum zai iya kwana da yunwa a gefen tarin kara wanda sukari ne tsantsa. Saniya ma ba da wayonta ta ke cin harawa ba. Ƙananan halittu da ke zaune cikin tumbinta su ke kwance mata ƙullin. Da haka gara ke cin azara.

Wani iri kuma daga ɗauri biyu ya ke tasowa. Katakon da aka kafa da ƙusa ɗaya yana juyawa, wanda aka kafa da biyu ya tsaya ke nan. In karbon biyu suka kama juna da hannu bibbiyu, abin da ke rataye jikinsu bai iya juyawa: ko dai su kasance gefe ɗaya, a ce sis, ko kuwa wannan nan wancan ƙetare, a ce tarans. Matameye ta san man gyaɗa, a zamanin da gyaɗa ke riƙe da tattalin arzikin ƙasa har masana'antar tatsarsa gare ta. Wajen rabin man nan wani asid ne mai suna oleyik, mai siffar sis. Sarƙarsa a lanƙwashe ta ke kamar lauje, ba ta jeruwa da ƴan'uwanta, don haka ya ke ruwa, bai daskarewa sai sanyi ya sauko wajen digiri 13. Takwaransa na tarans miƙaƙƙe ne kamar sanda, yana jeruwa tsaf, bai narkewa sai zafi ya kai wajen 45, alhali zafin jikin mutum 37 ne. Irin wannan kitse yana samuwa ne musamman in masana'antu suka daskarar da mai don yin wani nau'in margarin da biskit, kuma yana toshe hanyoyin jini na zuciya. A 2018 OMS ta yi kira ga ƙasashe su kawar da shi daga abinci. Nijeriya ta kafa doka a 2023 cewa kada ya wuce giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Tun da kaya da yawa na kantunanmu ta Ɗan Barto su ke shigowa, dokar can ta shafi cikinmu a nan. Man da matan ƙauye ke matsewa wajen yin ƙuli-ƙuli ba ruwansa da wannan, sai dai kada a yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi.

Idon da ka ke karanta wannan shafi da shi ma da sis da tarans ya ke aiki. A bayan ƙwayar ido akwai wani molekil mai suna retinal, wanda jiki ke yi daga bitamin A. Cikin duhu a lanƙwashe ya ke, sis. Da zarar haske ya taɓa shi sai ya miƙe ya koma tarans, miƙewar nan ce ke tada jijiya ta kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Sa'an nan jiki ya sake lanƙwasa shi don ya jira haske na gaba. George Wald na Amurka ya sami kyautar Nobel a 1967 saboda bayyana wannan. In bitamin A ya yi ƙaranci, retinal ɗin da zai tari ɗan hasken magariba bai isa, yaro ya riƙa tuntuɓe da kwanuka da zarar rana ta faɗi: dundumi ke nan. Maganinsa yana cikin hanta, da ƙwai, da man shanu, da ganyen zogale, da karas da mangwaron da ke fitowa daga garaken Matameye, da kuma ƴar ƙwayar bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara a baki daga wata 6 zuwa shekara 5.